Shirun Kwalbar Gwaji: Tarihin Katayon na Binil

Akwai wani gwaji da ɗaliban ilimin sinadarai suka daɗe suna yi tun farkon shigarsu jami'a. Za a narka gishirin azurfa, wato naitiret na azurfa, a cikin etanol, a raba shi kwalba biyu. A ta farko sai a ɗiga wani sinadari wanda kulorin ɗinsa ke jikin kabon da wasu kabon uku suka kewaye. Kafin ka ɗaga ido ruwan ya yi fari fat, domin kulorin ya rabu da kabon ya kama azurfa. A ta biyu kuma sai a ɗiga wani sinadarin wanda kulorin ɗinsa ke maƙale a jikin kabon mai ɗauri biyu, irin dangin da ake kira binil. A girgiza, a ɗumama, a jira. Ruwan yana nan garau kamar ba a sa masa kome ba.

Dangin binil ba baƙi ba ne a gidajenmu. Da ɗaya daga cikin ƙananansu, binil kuloraid, ake yin bututun roba na PVC, kuma tun 1835 Bafaranshe Henri Victor Regnault ya haɗa shi a ɗakin binciken Justus von Liebig da ke Giessen a Jamus. Amma shirun da kwalba ta biyu ta yi ya haifar da wani hukunci da ya zauna a littattafan koyarwa shekaru da dama: cewa kabon mai ɗauri biyu ba ya iya ɗaukar caji, don haka abin da ake kira katayon na binil ba ya samuwa a cikin ruwa. Shiru ma magana ce, haka Hausawa ke faɗa. Matsalar ita ce masana sun yi gaggawar fassara wannan maganar, kuma sai da aka shafe fiye da shekara 70 kafin a gama warware abin da kwalbar ke nufi.

Kabon dai ɗauri huɗu yake so. Idan wani atam ya tashi daga jikinsa ya tafi da elektron biyun da suka haɗa su, sai kabon ya rage da gurbi fanko da caji mai alamar tarawa. Shi ne katayon na kabon. Ba ya daɗewa, domin duk abin da ke kusa mai rarar elektron, ko ruwa ne ko etanol, zai faɗa gurbin nan take. Abin ya yi kama da tafiyar fatake daga Kano zuwa Gwanja: ayari ya hau tudu, ya sauka a zango, ya sake hawa wani tudun kafin ya isa masauki. Sinadarin da ke sauyawa zuwa wani shi ma yana da tudun da sai ya sami ƙarfi zai haye, katayon kuwa shi ne zangon da ke tsakiya. Wanda ya zo bayan ayari ya wuce ba zai ga kowa ba, sai dai ya karanta sawu.

Karatun sawun nan shi ne aikin manyan masana na farkon ƙarni na 20. Hans Meerwein a Jamus, a 1922, ya ga wani sinadari daga dangin kafur yana sauya tsarin ƙashinsa, ya ce hakan ba zai yiwu ba sai ta hanyar katayon. Frank Whitmore a Amurka ya faɗaɗa ra'ayin a 1932. A Landan, Christopher Ingold da Edward Hughes suka auna saurin irin waɗannan sauye-sauye a shekarun 1930, suka nuna cewa a wasu lokuta mai tashi yana fara tashi tukuna, daga baya mai shigowa ya shigo. To amma duk katayon da suka yi magana a kai kabon ne mai maƙwabta uku. Na binil maƙwabta biyu kawai gare shi: ɗaya ta ɗauri biyu, ɗaya ta ɗauri guda, kuma dole su miƙe a layi ɗaya, kusurwa digiri 180. Kabon da ke cikin wannan tsari yana riƙe elektron kusa da cibiyarsa, ba ya son rasa su. Ga kuma ɗaurin da ke tsakaninsa da kulorin ko buromin ya fi na sauran gajarta da ƙarfi. Hujjojin suna da kyau, gwaji kuma yana mara musu baya. Ba abin mamaki ba ne da aka rufe maganar.

Wanda ya fara buɗe ta ba ta ƙofar gaba ya shigo ba. A 1944, Thomas Jacobs da Scott Searles na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalos suna nazarin wasu 'yan uwan asetilin, iskar nan da masu walda ke samu idan sun jiƙa kabaid da ruwa. Asetilin ɗauri uku ne tsakanin kabon biyu. Nasu sinadaran suna da oksijin a gefen ɗaurin, kuma sun ga cewa ɗan asid kaɗan ya isa ya sa su haɗiye ruwa cikin sauri. Suka ce bayanin da ya fi dacewa shi ne: haidurojin mai caji daga asid ya kama kabon ɗaya, ɗauri uku ya koma biyu, ɗaya kabon ɗin ya rage da caji. Wannan shi ne karo na farko da aka kawo katayon na binil a matsayin zango na gaskiya. Ba a ɗauki maganar da zafi ba, domin ana iya cewa oksijin ne ke ɗauke da yawancin cajin. Sai a shekarun 1960 Wiendelt Drenth a Holan da Donald Noyce a Berkeley suka auna saurin irin wannan sauyi dalla-dalla, awonsu kuma ya nuna caji na taruwa a kan kabon ɗin da Jacobs ya nuna.

Ƙofar gaba, wato a cire buromin kai tsaye daga kabon mai ɗauri biyu, Cyril Grob na Jami'ar Basel a Suwizalan ne ya tura ta. A 1964 shi da abokin aikinsa Cseh suka buga sakamakonsu a mujallar Helvetica Chimica Acta, kuma a ganina wannan gwaji yana cikin mafi tsabtar tunani a duk tarihin. Grob bai nemi ya ga katayon ba. Tambayarsa ita ce: idan da gaske caji yana bayyana a kan wannan kabon, me zai faru idan na kawo masa taimako? Sai ya ɗauki binil mai buromin wanda ke da zoben benzin a jikin kabon ɗin, ya riƙa canza abin da ke can ɗaya ƙarshen zoben. Wani lokaci haidurojin ne kawai, wani lokaci rukunin metoksi, wani lokaci rukunin amino, waɗanda aka san suna tura elektron ta cikin zobe. Ya sa su a etanol mai ruwa ya auna saurin fitar buromin. Wanda ba shi da mataimaki sai an yi masa zafi mai tsanani kafin ya motsa. Mai metoksi ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Mai amino kuwa ya ninka shi sauri fiye da sau miliyan. Abin da ya fito a ƙarshe shi ne asetofinon, daidai abin da za a samu idan ruwa ya faɗa gurbin katayon. Mai tura elektron ba zai hanzarta tafiya haka ba sai idan akwai mai buƙatarsu a hanya.

Ba kowa ya gamsu ba, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Suka ce watakila asid ne ya fara kama ɗauri biyun, ya mai da shi katayon na gargajiya mai maƙwabta uku, sannan buromin ya fita. Ke nan an isa masauki ba tare da an bi ta zangon binil ba. Wasu kuma suka ce ko da Grob ya yi daidai, zoben benzin ne ya yi aikin, binil tsagwaronsa ba zai iya ba. Amsa waɗannan tambayoyi biyu ita ta ci ƙarshen shekarun 1960, kuma shekarar 1969 ta fi kowace albarka.

A shekarar ce Peter Stang da Richard Summerville, a Princeton inda Paul Schleyer ke jagorantar bincike, suka kawo sabon makami. Stang an haife shi a Nuremberg a 1941, ya tashi a Hangare, danginsa suka gudu zuwa Amurka a 1956 lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren ƙasar. Tunaninsa mai sauƙi ne: idan buromin ya ƙi tashi, a nemo wanda ya fi shi son tashi. Ya zaɓi tirifilet, rukunin da ke fitowa daga asid ɗin tirifilik, wanda Haszeldine da Kidd suka fara haɗawa a Ingila a 1954. Tirifilet yana da fulorin uku da ke jan elektron, don haka yana barin kabon da sauri sau dubbai fiye da rukunan da aka saba amfani da su. Da shi Stang ya nuna cewa binil mai ƙananan rassan kabon kawai, ba zoben benzin ko ɗaya, yana sakin mai tashinsa a zafi madaidaici. A wannan shekarar ya koma Jami'ar Utah, inda ya zauna har ya zama babban editan mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka daga 2002 zuwa 2020.

A Birnin Ƙudus kuma, Zvi Rappoport da ɗalibinsa Yitzhak Apeloig suka bi ta fuskar siffa. Ɗauri biyu ba ya juyawa, saboda haka sinadarin binil kan zo iri biyu, ɗaya buromin na wannan gefe, ɗaya na wancan. Idan katayon miƙaƙƙe ne, to da zarar buromin ya tashi babu sauran alamar gefen da ya fito, kuma dole iri biyun su ba da sakamako guda. Haka aka samu: kowanne aka fara da shi, gaurayen da ya fito ɗaya ne. Robert Bergman da Donald Kelsey sun ga irin wannan a Caltech da wasu sinadarai masu aidin. Rappoport ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. Idan ya ƙara gishirin buromin a cikin ruwan, sai tafiyar ta ragu, alamar cewa katayon yana daɗewa har ya zaɓi buromin ya koma inda ya fito, maimakon ya kama ruwan da ke kewaye da shi ta ko'ina. Yaya abin da aka ce ya fi kowa rashin natsuwa zai tsaya yana zaɓe? An ce manyan zobban da ke gefensa ne ke tare hanya, aka bar maganar a nan. Amsar tana da gaskiya, amma ba ta cika ba.

Michael Hanack a Jamus ya bi wata hanyar daban, inda ɗauri uku da ke cikin sinadarin kansa yake lanƙwasowa ya tura mai tashi, a sami ƙananan zobba masu kabon uku ko huɗu. A 1971 ya haɗa kai da Schleyer da Stang suka gwada tirifilet da ke cikin zobe. Dalilin gwajin a fili yake: ƙaramin zobe ba zai bar kabon ya miƙe ba. Mai kabon biyar ya ƙi ba da katayon sam, mai shida ya bayar da ƙyar, manyan zobba suka fi sauri. Wannan ya tabbatar da cewa miƙewa sharaɗi ce. A Padua ta Italiya, Giorgio Modena yana nasa aikin da sinadarai masu sulfa. A 1979 Stang da Rappoport da Hanack da Subramanian suka tattara duk abin da aka sani a littafi guda mai suna Vinyl Cations, shekara 15 kacal bayan gwajin Grob.

Amfani fa? A nan labarin ya yi ƙaranci. Misali mafi kyau ya zo ne daga William Johnson na Stanford, wanda a 1971 ya haɗa furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki a jikin mace. Ya shirya doguwar sarƙar kabon mai ɗauri uku a ƙarshenta, ya sa asid ya kunna caji a farkonta, sai cajin ya bi sarƙar yana rufe zobba uku a tashi ɗaya, ya tsaya a kan ɗauri ukun a matsayin katayon na binil, aka kama shi a nan. Ban da irin wannan, masu haɗa magunguna ba su damu da shi ba. Abin da suka ɗauka shi ne tirifilet na binil, wanda aka ƙirƙiro don amsa tambayar masana, sai ga shi a shekarun 1980 John Stille da wasu sun gano yana aiki da ƙarfen faladiyom wajen haɗa kabon da kabon. Har yau ana amfani da shi ta wannan hanya a ɗakunan bincike ko'ina.

Sauran aiki shi ne a gan shi. George Olah ya nuna tun 1962 cewa a cikin asid mai tsananin ƙarfi da sanyi mai yawa ana iya tsare katayon na gargajiya har a auna shi da na'urar maganaɗisu ta NMR, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1994. Na binil ya ƙi wannan dabara da farko, domin da ya samu sai ya kama ɗan'uwansa mai ɗauri uku da bai riga ya sauya ba, ko ya fizgi fulorin daga asid ɗin. Hans-Ullrich Siehl a Tübingen ne ya dage, shi da Herbert Mayr a farkon shekarun 1980, sannan da wasu abokan aiki a 1991 lokacin da suka sa silikon a kan kabon na biyu. Ɗaurin silikon da kabon yana jingina elektron ɗinsa zuwa gurbin fanko, ya rage masa yunwa. Duk da haka sai a sanyin da ya wuce digiri 100 ƙarƙashin sifili ake iya ganinsa.

Ƙaramin cikinsu, mai kabon biyu da haidurojin uku, ya zo da nasa abin mamaki. Da Takeshi Oka da mutanensa a Chicago suka auna shi a cikin iska da hasken infrared a 1989, sai aka ga ba ya da siffar da ake zanawa a allo: haidurojin ɗaya yana zaune ne a tsakiya, kamar gada a kan kabon biyun. Daga Japan kuma aka sami iyaka. Tadashi Okuyama da Masahito Ochiai sun nuna a 1995 cewa rukunin aidin mai zoben benzin ya fi tirifilet son tashi kusan sau miliyan. Amma ko da shi, idan kabon mai cajin ba shi da kome a gefensa sai haidurojin, gwaje-gwajen Okuyama da Morifumi Fujita sun nuna katayon ba ya tsayawa da kansa a cikin ruwa. Wani reshe na maƙwabci ne ke matsowa a daidai lokacin da mai tashi ke tashi. Ashe tsohon hukuncin yana da inda ya yi gaskiya, kuskurensa shi ne da ya haɗa kowa da kowa.

A 2004 aka sami hoton da ake jira. Thomas Müller a Frankfurt ya haɗa katayon mai silikon biyu a gefe, Christopher Reed da Mark Juhasz a Riverside ta Kalifoniya kuma suka kawo abokin zaman da ya dace: kaboren, wani keji na boron 11 da kabon guda, wanda ke ɗauke da caji mai alamar ɗebewa amma ya watsa shi a faɗin jikinsa, har ba ya iya kama kowa. Suka sami ƙanƙarar gishirin da ke zama lafiya a zafin ɗaki, suka haska ta da hasken X. Kabon uku a layi, kusurwa dab da 180. Ɗaurin da ake kira biyu ya gajarce har ya kusa kai tsawon ɗauri uku, ɗaurin silikon kuma ya yi tsawo fiye da yadda aka saba, alamar yana ba da elektron. Shekara 60 ke nan cif bayan Jacobs da Searles.

Tambayar da Rappoport ya bari kuwa sai a 2017 ta sami cikakkiyar amsa, daga Herbert Mayr ɗin nan, wanda a lokacin yake Munich, tare da Peter Byrne da Shinjiro Kobayashi da wasu. Suka yi amfani da walƙiyar leza wajen fizge mai tashi cikin ƙanƙanen lokaci, suka auna saurin da katayon ke kama abokan hulɗa iri-iri, suka gwama da lissafin kwamfuta. Sakamakon ya nuna cewa katayon na binil masu zobban benzin ba su kai rashin natsuwar da ake zato ba, kuma sun fi jinkirin kama abu a kan katayon na gargajiya masu yunwa daidai da tasu. Dalili shi ne sauya siffa: kabon da ke lanƙwashe a digiri 120 sai ya miƙe zuwa 180 kafin ya zama katayon, sannan ya sake lanƙwasawa kafin ya karɓi sabon ɗauri, kuma kowane cikin biyun yana cin ƙarfi. Zangon ba shi da tsayin da aka ɗauka; tuddan da ke gabansa da bayansa ne dogaye. Abin da ya sa kwalba ta biyu ta yi shiru shi ne kuma ya sa katayon ɗin Rappoport ke da lokacin zaɓe. Ina ganin wannan ne sakamako mafi nauyi a tarihin, ya ma fi hoton 2004, domin hoto ya tabbatar da abin da aka riga aka yarda da shi, wannan kuwa ya gyara dalilin da aka yi ta koyarwa.

Shekara guda bayan haka amfanin da aka daɗe ba a samu ba ya fara bayyana. Hosea Nelson, a jami'ar da Jacobs ya yi aiki, ya lura cewa kusan duk binciken baya an yi shi ne a cikin ruwa ko etanol ko asid, waɗanda ke cika gurbin kafin katayon ya nuna abin da zai iya. Sai ya kawar da su gaba ɗaya. Ya ɗauki tirifilet ɗin Stang, ya sa silikon mai caji ya fizge shi, ya ajiye kaboren ɗin Reed a gefe, ya yi aikin a cikin man da ba shi da kome sai kabon da haidurojin, irin su saikuloheksen. Katayon da bai sami kowa mai rarar elektron ba sai ya kutsa cikin ɗaurin kabon da haidurojin na man kansa, ɗaya daga cikin ɗaurin da suka fi wuyar taɓawa, ya ƙulla sabon ɗauri tsakanin kabon da kabon ba tare da ƙarfe mai tsada ba. Mujallar Science ta buga aikin a 2018, da Stasik Popov da Brian Shao a gaba, Kendall Houk kuma ya yi lissafin yadda atam ke motsi a lokacin.

Dabarar tana da rauni: silikon mai caji ba ya jure danshi, kuma yana kama oksijin da naitirojin, waɗanda ke cikin kusan kowane magani. A 2019 mutanen Nelson suka maye gurbinsa da gishirin litiyom, wanda ya fi haƙuri da irin waɗannan rukunai. A 2022, bayan ya koma Caltech, suka ɗauko wani irin asid mai siffar aljihu daga cikin waɗanda Benjamin List ya ƙirƙiro a Mülheim ta Jamus. Sinadarai da yawa suna zuwa iri biyu, na dama da na hagu, jikin mutum kuma yana bambance su, don haka mai haɗa magani ɗaya kawai yake so. A cikin aljihun nan katayon na binil ya kutsa cikin ɗaurin kabon da haidurojin ta gefe guda fiye da ɗayan, ya ba da zobba masu haɗe da juna waɗanda mafi yawansu iri ɗaya ne.